Yadda ake dasa bishiyar willow oak a rene ta har ta yi inuwa

Duk wanda ya taɓa bi ta titin Queens Road West a unguwar Myers Park da ke birnin Charlotte, jihar North Carolina, a tsakiyar watan Yuli, ya ga inuwa da idonsa. Bishiyoyi ne jere hagu da dama, rassansu sun haɗe a sama sun yi rumfa. Rana na ƙuna a waje, kai kuwa kana tafiya kamar a cikin zaure. Yawancinsu willow oak ne, wasu sun doshi shekara 100 a tsaye.

Na rubuta wannan ne domin 'yan uwanmu da Allah Ya hore wa gida a kudu maso gabashin Amurka, su Greensboro, Raleigh, Atlanta, Maryland, Virginia har zuwa gabashin Texas, suka tarar da fili fetal a bayan gida, ciyawa kawai babu inda za a shimfiɗa tabarma. Bahaushe bai saba da gidan da ba shi da gindin bishiya ba. Idan inuwa kake nema a wannan yanki, a ganina da wuya ka sami wadda ta fi wannan. Amma bishiya ce da ake dasa ta ƙarama ta zama gandamemiya, kuma kusan duk abin da zai same ta nan da shekara hamsin, a ranar dashe da shekaru biyar na farko ake yanke shi.

Masana tsirrai suna kiranta Quercus phellos. 'Yar asalin Amurka ce, tana fitowa da kanta daga wajajen New York zuwa arewacin Florida, ta yi yamma har Oklahoma da Texas, akasari a fadama da bakin koguna. Tana cikin dangin jan oak, sai dai ganyenta ba shi da yatsu irin na sauran 'yan uwanta. Siriri ne dogo, kamar ganyen gora, tsawonsa santimita 5 zuwa 12, da ɗan tsini a bakinsa. Tsawonta yakan kai mita 20 zuwa 30, wato ƙafa 65 zuwa 100, kuma idan ta sami ruwa da rana takan ƙara ƙafa ɗaya zuwa biyu kowace shekara, abin da ya sa ake lissafa ta cikin masu saurin girma a danginta. Saiwoyinta kuma masu gashi-gashi ne da yawa, shi ya sa ta fi yawancin oak karɓar dashe.

Kafin mu ci gaba: kada ka ɗauki 'ya'yanta ka kai Kano ko Maraɗi. Tana buƙatar sanyin hunturu na gaske, ta zubar da ganye ta huta, kuma ba za ta jure wata bakwai babu ruwan sama ba. A gida muna da maɗaci da darbejiya da tsamiya, sun wadatar.

Zaɓen wuri

A nan nake so ka fi daɗewa. Ɗan dashen da za ka sa a bayan mota ka kawo gida bai fi kaurin muciya ba, don haka ido zai ruɗe ka, ka ga ai ko kusa da taga ma zai zauna. Ka tsaya a inda kake son dasawa, ka auna ƙafa 25 zuwa kowane ɓangare. Wannan da'irar ita ce bishiyarka idan ta manyanta, wata ma ta wuce haka. Duk abin da ya faɗo a cikin da'irar, bango ne, rufi ne, wurin ajiye mota ne, wata rana zai kasance a ƙarƙashinta.

Ka bar aƙalla ƙafa 25 zuwa 30 tsakaninta da ginin gida. Ka bar ƙafa 10 ko fiye tsakaninta da daɓen siminti na hanyar mota ko na masu tafiya a ƙafa, domin saiwoyinta na tafiya kusa da saman ƙasa, kuma idan suka yi kauri sukan ɗaga siminti su fasa shi. Kada ka dasa a ƙarƙashin wayar lantarki ko kusa da ita. Ma'aikatan wuta za su zo su sare rabin kanta, ta ƙare rayuwarta a karkace. Idan gidanka na da ramin bahaya irin na bayan gari mai bututan tsotse ruwa a ƙarƙashin ciyawa, ka yi nesa da wurin sosai.

Tana son rana, aƙalla awa shida a yini. Idan kana so ta sanyaya maka ɗaki ta rage kuɗin wuta, dasa ta yamma ko kudu maso yammacin gida, ta tare ranar la'asar, wadda ita ce ke gasa bango. Idan kuma filinka ƙarami ne, irin gidajen nan da ke manne da juna, ka haƙura ka nemi ƙaramar bishiya. Ba kowane gida ne ke ɗaukar willow oak ba.

Abu biyu na hukuma: idan unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje, duba dokokinsu kafin ka sayi komai. Sannan kwana kaɗan kafin haƙa, buga lamba 811. Kyauta ne, za su turo a zo a yi maka alama da fenti ko tutoci a inda bututun gas da na ruwa da wayoyi suka bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Ƙasar fa?

Laka ba ta dame ta ba. Jar lakar nan ta tsakiyar Carolina da Georgia, wadda ke manne wa shebur, tana zama a ciki lafiya. Tana jure ambaliya ta ɗan lokaci, tunda daga fadama ta fito, amma ramin da ruwa ke kwana a ciki duk shekara zai ruɓar da saiwarta. Ka haƙa ɗan rami mai zurfin ƙafa ɗaya, ka cika shi da ruwa. Idan washegari har yanzu ruwan na nan, canza wuri ko ka tayar da ƙasar ta yi ɗan tudu.

Abin da ba ta yafewa shi ne ƙasa mai kanwa. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta, wato awon tsami ko kanwar ƙasa, bai wuce 6.5 ba. Idan ya haura 7, sai saiwa ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe ko da yana nan a ƙasar, ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa su tsaya kore, bishiya ta yi ta rama shekara da shekaru. Ɗebi ƙasa ka kai ofishin malaman gona na gundumarku, su za su nuna maka yadda ake aikawa ɗakin gwaji, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sababbin gidaje ne suka fi wannan matsala, saboda magina kan binne ɓaraguzan siminti a fili su rufe da ciyawa. Idan kanwar kaɗan ce, garin farar wuta da ake barbaɗawa a sama yana rage ta a hankali, cikin watanni. Idan ta yi yawa, nemi wata bishiyar. Haka nan masu gyaran ciyawa a kudu suna son zuba farar ƙasa don ciyawa ta yi kyau. Ka hana su zuba ta a kewayen bishiyarka.

Sayen dashe

Lokacin dashe shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Maris, sa'ad da ganye ya zube, muddin ƙasa ba ta daskare ba. A kudu kaka ta fi, domin ƙasa na da sauran ɗumi, saiwa za ta yi ta tafiya duk hunturu kafin zafi ya sauko.

Kada girma ya ja ka. Dashe mai kaurin inci 1 zuwa 2 ya fi saurin kama ƙasa, kuma sau da yawa cikin 'yan shekaru yakan kamo wanda aka dasa da girmansa, ga arha. Nemi mai gangar jiki ɗaya da ta miƙe har ƙoli, ba wadda ta rabu biyu ta yi gwafa ba. Duba ɓawon, kada ya kasance da rauni. Idan a roba take, roƙi mai sayarwa ya zare ta ka ga saiwa. In ka ga saiwoyi masu kauri sun yi ta zagaye kamar gammo, ajiye ka ɗauki wata. Akwai irin da aka zaɓo saboda miƙewarsa, kamar wanda ake kira Hightower, amma na gama-gari ma ya isa idan siffarsa ta yi kyau.

Ranar dashe

Da farko nemo wuyan bishiyar, wato inda gangar jiki ta fara buɗewa tana shiga manyan saiwoyi. Sau da yawa a gandun reno an tula ƙasa a kansa ya ɓuya. Sa yatsa ka tone a hankali har ka ga saiwar farko mai kauri. Wannan wuya dole ya zauna daidai da saman ƙasa, ko ya ɗara da inci ɗaya zuwa biyu idan laka ce.

Ina nanata wannan ne domin a nan na yi asarar bishiyata ta farko. Na sayo ta a wani gandun reno, na dasa ta daidai yadda ƙasar robar take, ban san wuyanta na binne da kusan inci huɗu ba. Shekara biyu tana kore ina murna. A ta uku ganye ya fara ƙanƙancewa, rassan sama suka bushe. Da na tone sai na tarar wata saiwa ta naɗe gindin ta shaƙe shi, ɓawon ƙasa ya ruɓe. Ta ba ni tausayi ƙwarai, kuma shekara uku na inuwa suka tafi.

Saboda haka rami ya zama mai faɗi, ba mai zurfi ba. Faɗinsa ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu zuwa uku, zurfinsa kuwa daidai tsayin dunƙulen daga wuya zuwa ƙasa. Kada ka sassauta ƙasan ramin, don kada bishiya ta nutse daga baya. Gefen ramin kuma ka karce shi da bakin shebur, musamman a laka, inda shebur kan bar bango sumul kamar cikin tukunya, saiwa ta kasa ratsawa.

Idan ta roba ce, zare ta ka yanke gefen dunƙulen da wuƙa ko zarto, ka aske kamar inci ɗaya ko'ina, duk saiwar da ke zagaye ta fita. Zai yi maka kamar ɓarna, amma daga bakin yankan ne sababbin saiwoyi za su miƙe waje. Idan kuma irin wadda aka haƙo da ƙasarta aka naɗe da algarara da kwandon waya ce, sa ta a rami tukuna, ka daidaita ta, sannan ka kwance duk igiyar da ke wuyanta, ka yanke aƙalla rabin sama na wayar da algararar ka fitar. A kullum ta dunƙulen ake ɗaga ta, ba ta gangar jiki ba.

Mayar da ƙasar da ka haƙo, ita kanta, ba tare da cakuɗa ta da taki ko ƙasar leda ba. Mu da muka tashi da noma hannunmu kan yi ƙaiƙayin zuba taki a rami, amma idan cikin rami ya fi waje daɗi, saiwa sai ta ƙi fita, kuma a laka ramin kan zama randa ya riƙe ruwa. Ka cika rabi, ka zuba ruwa ya zauna, ka cika sauran, ka danna da hannu ko ka taka a hankali. Ka yi ɗan kewayen ƙasa a bakin ramin kamar na fangalin lambu don ya tare ruwa, sannan ka shayar da ita sosai.

Sai rufin gindi. Ana sayar da niƙaƙƙen ɓawon itace da busasshen ganyen pine, duka suna yi. Shimfiɗa kaurin inci 2 zuwa 3, faɗin ƙafa uku ko fiye daga gindi, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da ɓawon bishiya. Za ka ga a bakin manyan kantuna an tula shi a jikin bishiya kamar kunyar doya. Kada ka kwaikwaya, yana ruɓar da ɓawo. Wannan da'irar tana riƙe laima, tana kuma nisanta injin yankan ciyawa daga gindi, wanda shi ne ke kashe ƙananan bishiyoyi da yawa ta hanyar ɗaye musu ɓawo.

Turke ba dole ba ne. In wurin na da iska ko dashen na rangaji, kafa biyu ka ɗaure da ƙyalle mai faɗi, sako-sako yadda za ta riƙa motsi, ka cire bayan shekara ɗaya. Inda barewa ke shigowa, kewaye gindin da ragar waya, don namijin kan goga ƙahonsa a jiki a lokacin kaka.

Ruwa

Makonni biyu na farko, ka duba ta kullum. Daga nan har wata uku, duk bayan kwana biyu ko uku. Bayan haka sau ɗaya a mako, kimanin galan 10 ga kowane inci na kaurin gindi, a duk makon da ba a yi ruwan kirki ba. Ka ajiye tiyo a gindi yana zuba a hankali ya ratsa, ya fi a watsa da ƙarfi a wuce. Na'urar fesa wa ciyawa ruwa ba ta isar mata. Ka tura yatsa cikin ƙasa: in da laima, bari sai gobe, domin a laka yawan ruwa na kisa kamar rashinsa. Ka riƙe wannan har zafin shekara biyu ya wuce, Yuli da Agusta ne gwajin. Bayan ta kafu tana jure fari gwargwado. Taki kuwa, shekarar farko kada ka sa ko kaɗan, daga baya ma sai in gwajin ƙasa ya nuna buƙata.

Gyaran rassa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma willow oak na cikin masu buƙatar hannu, domin tana fitar da ƙananan rassa cunkus, na ƙasa kuma su riƙa sunkuyowa. Shekarar farko cire busasshe da karyayye kawai. Daga shekara ta biyu ko ta uku, kowane hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, ka zagaya ta ka duba.

Abin da kake nema shi ne kai ɗaya. Idan rassa biyu suna gasar zama kai, zaɓi mafi miƙewa, ka rage tsawon ɗayan ko ka cire shi. Gwafa mai matsattsen baki, inda ɓawo ya shige tsakani, ita ce ke tsagewa ranar guguwa bayan shekara talatin. Mutanen Charlotte ba su manta da guguwar Hugo ta Satumban 1989 ba, wadda ta kayar da dubban bishiyoyi a birnin. Abin da almakashi zai cire yau cikin minti ɗaya, nan gaba sai an kira mota mai ƙugiya.

Rassan ƙasa kada ka yi gaggawar cire su, su ne ke ciyar da gindi ya yi kauri. Ka riƙa ɗauke ɗaya ko biyu a shekara har ka sami tsayin da mutum zai wuce a tsaye. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara guda. Wurin yanka shi ne dab da kumburin da ke gindin reshe, ba a shafe shi ba, ba kuma a bar kututture ba. Reshe mai nauyi yanka uku ake yi masa: ɗan yanka daga ƙasa, sannan a sare daga sama gaba da shi kaɗan reshen ya faɗi, sannan a gyara ragowar. Haka ɓawo ba zai yage ya bi jiki ba.

Kada ka yi yanka daga Afrilu zuwa Yuli. Akwai cutar funfuna da ake kira oak wilt, wasu ƙananan ƙwari ne ke kai ta kan sabon rauni, kuma dangin jan oak takan kashe su cikin makonni. A inda cutar take, kamar Texas, in iska ta karya reshe dole ka yanka, shafa fenti a wurin nan take. Sare kan bishiya don a rage mata tsawo kuwa, ko wa ya ba ka shawarar, ka ƙi. Duk aikin da ya kai ga hawa tsani da zarto, kira ƙwararren mai kula da bishiyoyi da ke da takardar shaida da inshora.

Zama da ita

Tana da nata wahalhalun. A watan Afrilu takan zubo da furanni kamar zare da ƙura mai sa atishawa. A ƙarshen kaka siraran ganyen nan sukan zille ta tsakanin haƙoran manjagara, su cika indararo. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka bi ta kansu da injin yankan ciyawa su niƙe su zama taki, indararo kuma ka sa masa raga mai ƙananan idanu. Wajen shekara 15 zuwa 20 za ta fara 'ya'ya, ƙanana kamar gujiya, masu ɗaukar shekara biyu kafin su nuna. Kurege da tsuntsaye za su zama baƙinka.

A yankin Charlotte za ka ga an ɗaura wa bishiyoyi ɗamara mai danƙo a ƙarshen Nuwamba. Saboda wata tsutsa ce: macen faɗa-wutar da ke haifar ta ba ta da fiffike, da ƙafa take hawa ta yi ƙwai a sama, tsutsotsin su ƙyanƙyashe su cinye sabon ganye a bazara. Danƙon ne ke tare ta. In maƙwabta suna ɗaurawa, kai ma ɗaura, ka cire kafin zafi. Kauci ma na hawanta kamar yadda yake hawan bishiyoyin gida, a cire reshen da ya kama tun yana ƙarami. Idan kuwa ka ga naman kaza mai tauri ya fito a gindin tsohuwar bishiya, alama ce saiwa na ruɓewa, a kira masani ya duba kafin iska ta yanke hukunci. Kada a riƙa ajiye mota a ƙarƙashinta, kada a tula sabuwar ƙasa a kan saiwoyinta, kada a haƙa lambatu kusa da gindi. Idan ciyawa ta ƙi fitowa a inuwar, faɗaɗa da'irar rufin gindi ka sa kujeru.

Mai haƙuri kuma zai iya farawa daga ƙwallo, ba tare da ya kashe ko sisi ba. A Oktoba ko Nuwamba tsinci 'ya'yan da suka faɗo a gindin bishiya mai kyan siffa, zuba su a bokitin ruwa, ka zubar da masu tasowa sama don tsutsa ta cinye cikinsu. Waɗanda suka nutse, sa su a leda da ɗan yashi mai laima, ka ajiye a firji, ba wurin ƙanƙara ba, wata ɗaya zuwa biyu, domin sai sun ji sanyi suke tsirowa. Daga nan shuka su zurfin inci ɗaya a doguwar roba, ko kai tsaye a inda kake so bishiyar ta zauna. Shuka uku ko huɗu a wuri ɗaya, ka kifa ragar waya a kai saboda kurege, in sun fito ka bar mafi ƙarfi ka cire sauran.